Garwashi a Ɗakin Inji

Rusaifa, Makka
Farkon watan Rajab

Zuwa ga ɗana Ubaidullahi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, in ka cire gwiwata ta dama da ta shiga yajin aiki tun da sanyi ya fara. Uwarka lafiya lau, bakinta ma lafiya lau. Ƙanwarka Salwa ta gama jarrabawa, ta ce in gaya maka ta ci, malaman ne kawai ba su sani ba tukuna.

Takardarka ta iso ta hannun Taha mai motar kifi. Tun daga bakin layi kyanwoyin Rusaifa suka rako ni har ƙofar gida saboda ƙarninta. Ka ci gaba da aikowa ta hannunsa. Waya ba ta yi min amfani. Kunnen da ya sha ƙarar inji tun daga Tafkin Chadi har Sawakin, in an kara masa waya, ji yake kamar ana suya a wani gari. Kai ma ka ce inda kuke ɗaure jirgi babu sabis. To, ga biro ga takarda. Ka rubuto da Hausar nan taka mai ɗingishi, na fi son ta da Larabcin da sai na bi shi da yatsa. Ni ma aji huɗu na yi a firamare, aka ga karatun ya ishe ni, ko ni na ishe su, har yau ba a daidaita ba.

Yanzu maganar da ka kawo. Ka ce tun da iskar arewa ta gangaro Haƙal daga duwatsu, injin jirginku ba ya tashi da asuba. Ana murɗa makulli sai ya yi gurnani ya yi shiru, batir ya gaji, ku koma juya shi da hannu ku biyu, ɗaya na juyi ɗaya na riƙe da ƙarfen sassauta matsi. Kafin ya amsa, sauran masunta sun yi nisa, rayyis ɗinku mai jirgin yana tsaye yana kallonka. Na san wannan kallon. An yi min shi da Larabci, an yi min da Barbarci, duk fassararsa ɗaya ce.

Saurara. Injin dizal zafi yake ci. Yana matse iska har ta yi zafi, mai ya faɗa ciki ya kama. In ƙarfen ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin, baƙin man da ke ƙasa kuma ya yi kauri kamar man shanu. Ba taurin kai yake maka ba, tsoho ne irina, gwiwarsa ce ta riƙe.

Kada ka yarda da gwangwanin nan da ake fesa wa inji a hanci. Zai tashi, amma daga ranar ka mayar da shi ɗan shaye-shaye, ba zai ƙara motsi ba sai an ba shi.

Ga abin da muke yi a Chadi. Ka samu kasko, ka hura gawayi a waje har ya zama garwashi, ba harshen wuta, ka yayyafa masa toka a sama don ya daɗe. Ka tura shi ƙarƙashin injin, daidai kwanon baƙin mai, nesa da bututun dizal. Ka bar shi ya kwana a nan. Da asuba ka ɗora tafin hannunka a kan injin kamar mai duba zazzaɓin yaro. In ka ji ɗumi, ka yi bisimilla ka murɗa. Shekaru na yi ina wannan, ba inji ɗaya da ya kunyata ni, sai dai ni in kunyata shi.

Ka ga ikon Allah. Mutumin da ya san injin ruwa kamar aljihunsa, shi aka kawo garin da babu ko kududdufi yana sayar da asuwaki da turare. Yau dai ilmina ya samu mai tambaya, har na yi wa uwarka fankama.

Ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Na isar.

Mahaifinka,
Datti


Haƙal
Ranar Talata

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da Salwa. Allah ya sauwaƙe gwiwa. Ni lafiya, alhamdu lillah, sai ɗan ciwon kai.

Baba, maganarka ta yi. Na sayi kasko a kasuwa, na yi yadda ka ce. Da asuba murɗawa ɗaya makina ta tashi. Rayyis ya leƙo ta ƙofar sama ya ce wa ya koya maka, na ce babana. Ya ce a gaishe ka. Mu ne farkon fita ranar, kuma tun daga nan ba mu makara ba.

Ɗakin injin a ƙarƙashin daɓen jirgi yake, da tsani ake sauka, murfinsa a sama. Ƙarami ne, ba na iya miƙewa tsaye sosai. Yanzu da kasko ya fi ko'ina ɗumi, sai na sauko da bargona ina kwana a nan, ina lura da garwashin kuma. Sauran ma'aikatan suna kwana a ɗakin gaba, Misirawa ne biyu da wani ɗan Yaman.

Akwai abin da nake so in gaya maka, kada ka gaya wa Umma. Da asuba, kafin in tashi, ina ganin mutum. Yana tsugune a gefen injin, ya ba ni baya, tafin hannunsa a kan ƙarfen, yadda ka ce in yi. Ba ya motsi. Ranar farko na zaci ɗan Yaman ne, na yi masa magana, bai juyo ba. Na so in tashi, jikina ya yi nauyi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Da na samu na zauna, babu kowa. Murfin sama a rufe yake yadda na bar shi. Na hau na tambaye su, suka ce ba wanda ya sauko, suka yi min dariya.

Ya sake zuwa jiya, da yau. Ba ya yi min komai. Ciwon kan yana tafiya in muka fita teku iska ta buge ni, da safe sai ya dawo.

Ka taɓa ganin irin wannan a jiragenku?

Ɗanka,
Ubaidullah


Rusaifa
Ranar Asabar

Ubaidu,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa ta janye yajin aiki, ta miƙa wa ƙugu. Ka gaida rayyis, ka ce masa tsohon bakanike na karɓar godiya ko da a kifi ce.

Na karanta takardarka a shago, na sake karantawa, sannan na cusa ta cikin buhun asuwaki inda uwarka ba ta zuwa. Ka samu ma'aikaci kyauta, ba ya cin abinci, ba ya neman iƙama, takardar zama a ƙasa, yana duba maka inji, kana kuma kai ƙara. Ni duk zamana a ruwa ban samu mai taya ni ko da riƙe fitila ba.

Wasa nake, amma ban yi barci sosai ba. Ban taɓa ganin irinsa ba. A Chadi ana faɗin mutanen ruwa, a Sawakin ma kowane tsohon gini da labarinsa, amma ni ba su taɓa kula ni ba, ina jin sun ga babu abin ɗauka.

Na je unguwar Zahir wurin Tsoho, abokina mai sayar da tasbaha, wanda ya san kan irin waɗannan abubuwa, ko dai ya ce ya sani. Ban ce kai ne ba, na ce wani yaro ne ɗan wani wawa. Ya ce ai ya gane wawan. A ganinsa tsohon jirgi kamar tsohon gida ne, ana samun masu zama a ciki tun kafin ka zo. Ka kawo ɗumi inda ba a saba da shi ba, shi ya sa aka matso. Ba faɗa ake yi da su ba, turare ake yi, a yi karatu, kowa ya kama gabansa.

Ka tuna lokacin da aka rushe mana gida a unguwar Nakkasa muka dawo wannan shaggar ta haya a bene? Kafin a shigar da ko tabarma, uwarka ta bi ɗaki ɗaki da kasko da lubban, tana rufe ƙofa tana toshe ƙasanta da tsumma don hayaƙin ya ratsa kowace kusurwa. To haka za ka yi. Na ba Taha ƙullin lubban mai kyau, na Oman, wanda ba na sayar wa kowa sai mai fuskar kuɗi. Tun da garwashi na nan, ka zuba a kai bayan isha'i. Ka ja murfin sama ka rufe da kyau, duk wata kafa da iska ke shigowa ka cusa mata tsumma. Ka karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ka kwanta.

Toshewar za ta yi maka amfani biyu, don ciwon kan nan naka sanyi ne ke shigowa ta kafofin yana bugun ka kana barci. Haka kake tun kana yaro, fanka kaɗai sai ta sa ka mura. Ka ɗaure kanka da mayafi.

Uwarka ta tambaye ni wa zan ba lubban mai tsada haka. Na ce wani babban baƙo ne a Haƙal. Ka ga ban yi ƙarya ba.

Datti


Haƙal

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Saƙo ya iso, na gode. Ina yin yadda ka ce. Ƙamshin kamar gida. Na toshe ko'ina, har ramin iska na gefe.

Bai tafi ba. Da yana can ƙarshen injin, yanzu yana ta wajen ƙafafuna. Har yanzu bayansa nake gani. Akwai kyanwa a jirgin, da tana kwana a kan bargona, yanzu in na ɗauko ta zan sauka da ita sai ta yakushe ni ta gudu. Jiya na yi amai da safe. Rayyis ya ce teku ce. Makina dai tana tashi lafiya.

Wataƙila turaren bai isa ba. Zan ƙara gawayi, zan ƙara lubban.

Iska ta kwanta, gobe za mu yi kudu wajen tsibirai, sai mun cika akwatunan ƙanƙara da kifi za mu dawo, mako ɗaya ko fiye. Taha ba zai zo ba sai mun dawo. Can ya fi nan sanyi, in ji su.

Ka gaida Umma.

Ubaidullah


Rusaifa
Ranar Litinin

Ubaidullahi,

KA FITAR DA KASKON NAN. KA BUƊE MURFIN. KADA KA ƘARA KWANA A ƊAKIN INJI. Na sa wannan a sama da gaisuwa don in takardar ta jiƙe, shi ya tsira. Yanzu assalamu alaikum.

Daga asibiti na dawo jiya. Kada ka tsorata, ina nan da raina, wautata ma ba ta ragu ba.

Ga yadda aka yi. Takardarka ta ƙarshe ta hana ni sukuni. Ranar Asabar da safe Makka ta tashi da ɗan sanyin nan nata na kwana biyu, uwarka da Salwa suka tafi Zahir barkar haihuwa. Na ce bari in taya ɗana daga nan. Na hura gawayi, na shiga ɗakin tsakiya, wanda ba shi da taga, na rufe ƙofa, na toshe ƙasanta da tawul, na zuba sauran lubban, na zauna ina karatu ina gasa gwiwa.

Ban san tsawon zaman ba. Kai ya fara sara min. Na ce bari in tashi in sha ruwa, ƙafafu suka ce ba su san ni ba. Ban ji tsoro ba, wani daɗi ma nake ji, irin na wanda ya ci ya ƙoshi. Sai na ga mutum tsugune a gaban kaskon. Ya ba ni baya. Ya miƙa hannu ya ɗora a kan iska, kamar akwai wani abu a wurin da ni ba na gani. Da rana tsaka, Ubaidu, ina jin yaran layi suna ƙwallo.

Uwarka ce ta dawo da wuri, ta ji ƙamshin lubban mai tsada ana ƙona shi ba da izininta ba. Ta ƙafa ta ja ni har bakin matakala. Ta ce nauyina kamar buhun shinkafa, amfanina bai kai nasa ba.

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba ta fi Salwa da yawa ba. Ta ce garwashi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, wadda ba hayaƙin da ake gani ba. A fili ba ta komai. A rufaffen ɗaki tana shiga jini ta kori numfashi. Tana farawa da ciwon kai, da amai, da mutuwar ƙafafu, wasu har su ga abin da babu. Daga nan sai barci. Ta ce garwashin da aka rufe da toka ya fi yin ta. Tana magana ina jin kamar takardarka take karanta min. Na cire abin numfashin da suka sa min a hanci na ce ina da ɗa a cikin rami a teku. Suka zaci ruɗewa ce.

Jiragenmu na Chadi ba su da rufi, Ubaidu. Injin a fili yake, sama ce murfinsa, mu kuma a kan tudu muke kwana. Ka rubuto min ƙarara cewa ɗakinka a ƙarƙashin daɓe yake, na karanta, na wuce, ina can ina jin daɗin gaisuwar rayyis. Ranar da uwarka ta turara shaggar nan kuwa, a waje muka tsaya mu duka, sai da ta buɗe ko'ina ya sha iska sannan muka shiga. Wannan ma ban rubuta ba. Kyanwarku ta fi ubanka karatu.

Salwa ta kira wayarka, a kashe. Taha ya ba mu lambar rayyis, ita ma haka. Ya haɗa mu da mai sayar muku da ƙanƙara a bakin ruwa, ya ce ya gwada ku ta rediyon jirgi ba a amsa ba, wai kukan kashe ta don tattalin batir. Ya yi alkawarin faɗa wa duk jirgin da zai yi kudu. Wannan takardar direban bas ɗin Tabuka zan ba, ya miƙa wa mai ƙanƙarar.

Ka bar injin ya ƙi tashi. Ka bar rayyis ya kore ka. Akwai wuri a shagon asuwaki.

Ubanka


Rusaifa
Ranar Alhamis

Ubaidu,

Sallama. Ban san inda wannan za ta same ka ba, ina rubutawa ne don hannuna ya samu abin yi.

Ba labari. Mai ƙanƙara ya ce jirgi ɗaya ya yi kudu shekaranjiya, ya ba su saƙo, amma tsibiran da yawa, kowane rayyis kuma yana ɓoye inda yake kamun kifinsa.

Kullum bayan sallar asuba ina zuwa kasuwar kifi ta Ka'akiyya in tsaya inda Taha ke ajiye mota. Na san yana gidansa yana jiran a kira shi, amma ina zuwa. Masu kifi sun fara ba ni kujera. Ɗaya ya tambaye ni wane iri nake nema da ba ya samuwa, na ce wani dogo ne mai kama da uwarsa.

Uwarka ta san komai yanzu, ta zazzage buhun asuwaki. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na samu sauƙi. Tana ajiye min abinci ta koma kan dardumarta. Kaskon ta fasa shi da taɓarya, ta share, ta kai bola da kanta. Ɗakin tsakiya a buɗe yake dare da rana, ba mai shiga. Ni in zan wuce ta ƙofar ba na kallon ciki. Na san abin da likita ta ce, na kuma yarda da ita. Ba na kallo dai.

Jiya na je Harami na yi ɗawafi da gwiwar nan, ba ta ce uffan ba. Na shirya addu'o'i masu tsawo tun daga gida, da na isa sai na ji bakina yana ta maimaita abu ɗaya, Allah ka sa gawayinsa ya ƙare.

Na nemi abin dariya da zan rufe da shi, ban samu ba.

Datti


Asibiti, Haƙal
Ranar Lahadi

Baba,

Assalamu alaikum. Ina da rai. Salwa ta riga ta gaya muku, na ji kukan Umma a waya, amma kai ba ka ji na, shi ya sa na rubuto. Takardunka biyu tare aka kawo min su nan kan gado. Saƙon mai ƙanƙara bai same mu a teku ba.

Ranar Juma'a ce. Sanyin tsibiri ya fi na Haƙal, daren na cika kaskon sosai, na zuba ƙarshen lubban. Da asuba na buɗe ido, na san ba zan iya tashi ba, ban ma so ba. Yana nan kusa da ni, da na miƙa hannu da na taɓa bayansa. Sai na ga ya miƙe. Ban taɓa ganin ya motsa ba sai ranar. Ya nufi gaban injin. Iyakar abin da na sani ke nan.

Sauran labarin rayyis ne ya ba ni. Ya ce ƙarar makina ce ta tashe shi, lokacin fita bai yi ba. Ya taso da fushi, ya ɗaga murfin, ya gan ni kwance bakina da kumfa. Suka ɗauko ni sama, suka yanke igiyar anga suka yi gari da ni.

Likita ya ce injin ne ya cece ni. Dizal in yana aiki iska yake zuƙa da yawa. Ya fizge tsummokaran da na cusa a ramin gefe, ya jawo iskar waje, ya shanye ta cikin ɗakin. Ya ce da an ƙara ɗan lokaci, da sai dai a kawo muku ni.

Baba, makullin injin a wuyan rayyis yake kwana. Batir kuma mun cire masa waya tun dare. Saura juyin hannu, kai ka san mutum biyu yake so. Rayyis ya ce ni na tada shi cikin maye, mutum in zai mutu yana samun ƙarfin mutum biyu. Na ce to. Ɗan Yaman ya ce da ya sauka kashe garwashin, ya ga ƙarfen juyin a rataye a ƙusarsa, an goge shi. Ni ba na goge shi. Ya karɓi kayansa ya koma wani jirgin.

Kada ka ɗora wa kanka. Ni ma na yi makarantar koyon sana'a, an faɗa mana wannan a aji, ban tuna ba, saboda makina tana tashi.

Rayyis ya ce aikina na nan in na warke. Ina so in ƙarasa sanyin nan, in Umma ta yarda.

Tambaya ɗaya. Na san ka karanta takarduna kafin ka ga naka, likita ma ya ce abin da ke cikin kai shi ake gani. Amma akwai abin da ban taɓa rubuto maka ba. Nawa, hannun rigarsa ɗaya a naɗe yake har gwiwar hannu. Naka fa? In a naɗe yake, wanne ne?

Ɗanka,
Ubaidullah


Rusaifa
Ranar Laraba

Ɗana,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi. Na rubuta kalmar nan na zauna ina kallonta har shayina ya huce.

Muna lafiya. Uwarka ta dawo da magana, ta fara daga inda ta tsaya, da bashin kwanakin da ta yi shiru. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba, har kunnen da ya mutu na juya mata. Ta ce ka dawo gida. Daga baya ta ce in za ka zauna, sai ka rantse mata a waya cewa a ɗakin gaba za ka riƙa kwana tare da Misirawa, ko da suna minshari. Ni ba a tambaye ni ba. An karɓe min lasin ba da shawara a gidan nan, Salwa ce ke riƙe da shi.

Duk da haka ga ta ƙarshe, ka nuna wa likitanka kafin ka yi aiki da ita. Ka tafasa ruwa a buta a sama, wurin da kuke dafa shayi. Ka sauka da shi, murfi a buɗe, ka jiƙa tsumma ka lulluɓe kan injin da bututun da yake shaƙar iska, ka bar shi ya ji ɗumi. Batir ka kwance shi da dare ka kai inda kuke kwana, ka rufa masa bargo, shi ma ba ya son sanyi. Ya fi kasko wahala. Kaskon ka ba teku.

Tambayarka. Na so in ce ban lura ba, mutum yana mutuwa ina shi ina kallon ɗinkin riga. Amma na lura. Na hagu ne. Kada ka rubuto ka gaya min ko na yi daidai. In na yi kuskure, na saba. In ban yi ba, ni ke wucewa ta ƙofar ɗakin tsakiya kullum.

Abin da na sani shi ne ni na rufe ka a ramin nan da hannuna, daga nan Makka, da biro. Wanda ya buɗe, ko iska ce, ko kai ne, ko wani ne, ban da bakin yi masa tambayoyi.

In ka koma, duk asubar da za ka sauka da butarka, ka yi sallama daga saman tsani. Ba sai ka jira amsa ba.

Allah ya tsare min kai, a ruwa da tudu.

Ubanka,
Datti mai asuwaki